Yadda Ake Gano Matsalar Fankar Kwanbata da Rashin Cajin Batir a Karafan

Da zafi ya fara sauka a ƙarshen Oktoba, sai ka ga karafan-karafan sun fito daga istiraha, wato gidajen shaƙatawa, da garejin gidaje ana jan su zuwa Sumama da Raudat Khuraim a wajen Riyad ta Saudiyya, wasu kuma har Ha'il da Tabuk. A daidai lokacin ne 'yan uwanmu masu aikin wayarin da masu kula da waɗannan ɗakunan tafi-da-gidanka suke shan kira, kuma koken ba ya wuce uku: fankar da ke cikin akwatin wuta ta daina juyawa, ko tana ta kuka dare da rana ba hutu, ko kuma batir ya kwana a jone amma da an cire wuta sai fitilu su dushe. Abin da yawanci ake yi shi ne a ɗora wa kwanbata laifi a sayo sabuwa. Wannan gaggawa ce mai cin kuɗi. Sau da yawa kwanbatar lafiyarta lau, fankar ma ba ta yi laifi ba, tana dai nuna maka cewa akwai wani abu a batir ko a wayar da ke tsakaninsu. Saboda haka a auna tukuna, bi da bi, kafin a kwance ko ƙusa ɗaya.

Kwanbata ita ce na'urar da ke karɓar wutar gida ko ta janareta ta mayar da ita 12V, ta ba fitilu da famfon ruwa da allon firji, ta kuma caja batir. Kada a haɗa ta da inbata, wadda aikinta akasin haka ne. A karafan ƙirar Amurka galibi za ka same ta a ƙasan akwatin da birekoki da fis-fis suke, bayan wani murfi mai raga, kusa da daɓe. Wani lokaci kuma ita kaɗai ce a ƙarƙashin gado ko kujera. Ƙarfinta na rubuce a jiki, misali amfiya 35, 45 ko 55.

Kayan da za ka tanada: mita mai auna AC da DC, in da hali har da mai baki wadda ake maƙala wa waya don auna amfiyar DC, sukudireba, sifana 10 da 13, buroshi mai taushi da na ƙarfe, fis 30 da 40 na ajiya, ƙwan fitilar mota mai wat 55 guda biyu, ruwan batir, tabarau da safar hannu. Ka cire zobe da agogon ƙarfe, domin batir na iya narkar da zobe a yatsa idan ya haɗa kan batir da shasi, wato ƙarfen da karafan ke zaune a kai.

Mataki na farko: wutar da ke shiga

A Saudiyya wannan matakin ya fi nauyi fiye da ko'ina. Kwanbatar karafan ɗin Amurka an yi ta ne don 120V, kuma yawancinsu suna jure daga 105 zuwa 130. Wutar ƙasar nan kuwa 230V ce a sababbin unguwanni, tun bayan shawarar da gwamnati ta yanke a 2010 ta komawa wannan tsari, yayin da tsofaffin gidaje a Makka da Jidda har yanzu ake samun soket na 127V da na 220V a gida ɗaya. Abin da ya dace shi ne ƙasashen biyu duk suna kan 60Hz, don haka boltej kaɗai ne matsala. Fulogin Amurka mai amfiya 30, mai ƙafa uku, na 120V ne zalla. Wanda ya yanke shi ya sa fulogin nan ƙasar ya cusa a soket ɗin 230V, nan take kwanbata za ta ƙone, sau da yawa tare da na'urar ɗumama abinci da allon mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Idan ka buɗe murfin raga ka ji ƙauri, ka fara da tambayar mai karafan inda aka jona shi na ƙarshe.

Irin wannan karafan yana bukatar taransifoma mai sauke wuta zuwa 110–120V. Layin amfiya 30 a 120V yana ɗaukar wat 3,600, saboda haka taransifoma mai 5kVA ita ce ke barin sarari idan za a kunna mukayyif. Ƙarama tana sa wuta ta faɗi duk lokacin da kwamfiresa ta tashi. Karafan ɗin Turai ko Turkiyya ko wanda aka haɗa a nan, nasa cajan na 230V ne, ba ruwansa da wannan, amma ka karanta takardar da ke manne a jikinsa ka tabbatar.

Sa mita a AC, ka auna a wani soket na cikin ɗakin, ka kuma sake aunawa bayan an kunna mukayyif. Idan ta sauka ƙasa da 105, to matsalar daga waje take: doguwar waya siririya, ƙaramar taransifoma, ko janareta da ya gaji. Sannan ka nemo birekar kwanbata, ka kashe ta gaba ɗaya ka sake kunnawa, domin bireka na iya faɗuwa ta tsaya a tsakiya kamar tana kunne. Wasu kwanbatocin kuma a soket suke jone kamar rediyo, kuma girgizar hanyar sahara na zare fulogin.

Mataki na biyu: abin da kwanbatar ke fitarwa

In akwai sola, ka fara cire wayar faifan daga na'urar cajinsa, don kada ya ruɗa maka awo. Kashe wutar waje, ka kwance negatib na batir, ka mayar da wuta. Yanzu kwanbata ce kaɗai ke ba ɗakin 12V. Sa mita a DC ka auna a kan manyan ƙusoshinta biyu na fita. Lafiyayya za ta nuna kusan 13.6V. Masu mataki uku, irin na kamfanonin WFCO da Progressive Dynamics, suna aiki da 14.4V lokacin caji mai ƙarfi, 13.6V a aikin yau da kullum, da 13.2V idan an daɗe ba a ja wuta ba. Duk wanda ka gani cikin ukun nan babu laifi.

Idan sifiri ka gani, kada ka yanke hukunci tukuna. Akwai fis ɗaya ko biyu, wani lokaci uku, masu amfiya 30 ko 40, a jikin kwanbatar ko a allon fis, waɗanda aikinsu kawai su ƙone idan an juya wayoyin batir. Wannan kuwa yana faruwa sosai, kuma dalilinsa launi ne. A karafan da yawa na Amurka farar waya ce negatib, baƙa ce fosatib. Bakaniken da ya saba da mota, inda baƙi ke nufin negatib, sai ya ɗaura ta a juye. Ko taɓawa ta daƙiƙa ɗaya ta isa ta kashe fis ɗin. Kada ka dogara da launi: ka bi wayar da hannu, wadda ta ƙare a jikin shasi ita ce negatib. Ka gwada fis da mita, ba da ido ba, ka kuma maye shi da mai lamba iri ɗaya. In biyu ne ka canza su tare.

Fis lafiya, wuta na shiga, amma fita babu ko tana ƙasa da 13V ba tare da wani kaya a kunne ba? A nan ne kawai za a ce kwanbatar ta samu matsala a cikinta.

Mataki na uku: hanyar da ke tsakanin kwanbata da batir

Nan ne mafi yawan aikin yake ɓuya. Kashe wuta ka mayar da negatib. Auna batir kafin ka jona wutar waje, ka rubuta lambar, a ce 12.2V. Jona wuta ka sake aunawa a kan batir ɗin kansa. Dole lambar ta tashi cikin ɗan lokaci zuwa 13 ko sama, ko aƙalla ta riƙa hawa a hankali idan batir ya yi ƙasa sosai. Idan ta tsaya cak a 12.2 alhali ƙusoshin kwanbata na nuna 13.6, to hanya ta yanke a wani wuri.

Wurare huɗu ake dubawa. Makunnin raba batir, wanda ake kashewa lokacin ajiya a manta da shi. Sai ƙaramar bireka mai ƙusa biyu, galibi amfiya 30 zuwa 50, da ke kusa da batir a jikin ƙarfen da ake maƙala wa mota; wasu suna da ɗan maɓalli mitsitsi a gefe da ake dannawa, wasu kan dawo da kansu. Auna ɓangarorinta biyu, in lambobin suka bambanta ko bayan an danna maɓallin, ta mutu. Sai kawunan batir, masu tara farin gari ko kore. Na huɗu kuma, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne inda negatib ke ɗaure a shasi. A Jidda da Yanbu da Dammam gishirin iskar teku na cinye wannan wurin ta ƙarƙashi, ƙusar na nan daram a ido amma wuta ba ta wucewa. Kwance ta, ka goge har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tamau, ka shafa giris a sama.

Akwai kuma yanayin da hanya ba ta yanke ba amma ta yi ƙunci. Yayin da batir ke jan caji, ka auna a kwanbata ka auna a batir. Bambancin 0.2 zuwa 0.3V abin karɓa ne, in ya haura rabin bolt ana asara. Lissafinsa mai sauƙi ne: wayar jan ƙarfe mai kaurin 10mm², mita 6 zuwa mita 6 dawowa, tana cin kusan 0.6V idan amfiya 30 na bi ta cikinta. Mai 16mm² tana cin kusan 0.4V, mai 25mm² kusan 0.25V. Illar wannan ita ce kwanbata na ganin boltej ya yi sama a bakinta, sai ta ɗauka batir ya kusa cika ta ƙi shiga 14.4V ko ta sauka da wuri. Shi ya sa za ka ga janareta ya yi awa huɗu yana shan fetur amma batir bai ƙoshi ba. A 13.6V batir mai 100Ah da ya kai rabi yana iya cin yini guda ko fiye kafin ya cika. Maganin shi ne waya mai kauri, ko a matso da caja kusa da batir. A kula da wayar kasuwa mai araha wadda cikinta alminiyam ne aka shafa mata jan ƙarfe. Ka kankare sili ɗaya da wuƙa, in ka ga fari ka ajiye ta.

Mataki na huɗu: batir ɗin kansa

Caja shi sosai, ka cire shi daga komai, ka bar shi ya huta awa huɗu zuwa shida, ko kwana. Batir mai ruwa idan ya cika yana nuna 12.6 zuwa 12.7V. Kusan 12.4 kashi uku cikin huɗu ne, 12.2 rabi, 12.0 kuwa ya kusa ƙarewa. Idan ya faɗo wajen 10.5V, ɗaya daga cikin ɗakunansa shida na ciki ya haɗe, wato farantansa sun taɓa juna, kuma ba gyara. Wanda ya nuna 12.6 ma ka jona masa ƙwan fitilar mota ɗaya na rabin awa. Ƙwan wat 55 yana jan amfiya huɗu da ɗoriya, abin da bai kamata ya girgiza lafiyayyen batir ba. In ka ga lambar ta gangaro ƙasa da 12, ƙarfinsa ya tafi, saura suna.

Buɗe murafen ka leƙa da tocila, ba da ashana ko laita ba, domin iskar da batir ke fitarwa lokacin caji tana kama wuta. Idan faranta sun fito fili, ka zuba ruwan batir daidai yadda zai rufe su, ka caja, sannan ka ƙarasa cikawa zuwa ƙasan wuyan ramin. Ruwan famfo da na tanka da na gora duk suna da ma'adanai masu kashe faranta. Asid kuma ba a ƙara shi, ruwa ne ke tafiya ba shi ba.

Zafin ƙasar nan shi ne babban mai kashe batir. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin kusan digiri 10 a kan 25 yana rage rayuwar batir mai ruwa da rabi. Karafan da ya yi Yuni zuwa Satumba a rana a Riyad, inda zafi ke kai 45, yana gamuwa da ɗayan biyu: in an bar shi ba wuta, na'urar gano yoyon gas da rediyo da allon firji su tsotse batir har ƙasa, faranta su yi tauri; in an bar shi a jone ba mai dubawa, 13.6V ta ƙafar da ruwansa, domin batir mai zafi yana bukatar boltej ƙasa da na mai sanyi, kuma yawancin kwanbatoci ba sa auna zafinsa. Abin da ya fi shi ne a cire batir a kai shi inuwa cikin gida, a riƙa caja shi duk wata. In dole ya zauna a jone, a duba ruwansa duk sati biyu zuwa uku a bazara.

Mataki na biyar: fanka

Kafin ka ce fanka ta mutu, ka san abin da ke tashin ta. Iri biyu ne. A wasu, kamar na WFCO masu yawa, yawan amfiyar da ake ja ne ke kunna ta: kaya kaɗan ta yi shiru, kaya ya ƙaru ta ƙara gudu. A wasu, kamar na Progressive Dynamics, zafin cikin na'urar ne ke tashin ta. Ke nan karafan mai fitilun LED da cikakken batir a daren hunturu yana iya kwana fankarsa ba ta motsa ba, kuma babu abin da ya lalace.

Gwajin shi ne ka ɗora mata kaya. Kunna duk fitilu da fankar rufi da famfon ruwa, ka ƙara ƙwayayen fitilar mota biyun nan, waɗanda tare za su ja kusan amfiya 9. Mai bin kaya za ta tashi nan da nan. Mai bin zafi ka ba ta minti 15 zuwa 20. Idan murfin ya ɗauki zafi sosai fanka ba ta motsa ba, ko kuma fitilu suka dushe bayan ɗan lokaci sannan suka dawo da kansu in na'urar ta huce, to kwanbatar na kare kanta ne daga ƙonewa, kuma fankar ce ko abin da ke ba ta umarni.

Yanzu za a buɗe. Zare wutar waje daga soket, kashe janareta da inbata, cire negatib, ka jira aƙalla minti goma. Manyan kafasitocin ciki suna riƙe da 170V ko ninkinsa bayan an cire wuta, saboda haka ka auna su da mita kafin yatsa ya kusanci allon. Wanda bai saba da wannan ba ya kai ta wurin mai gyaran lantarki.

Juya fiffiken da tsinke. Lafiyayye yana juyawa sumul ya ɗan yi tsalle-tsalle saboda maganaɗisun ciki. In ya yi tauri ko yana ƙarar yashi, ƙura ta shiga boris. Abin da za ka tarar a karafan ɗin sahara kusan kullum ɗaya ne: jar ƙura ta haɗu da zaren darduma da maiƙon girki ta toshe tsakanin haƙoran alminiyam ɗin da ke shan zafi, ta yi kauri kamar ƙullin tuwo da ya kwana. Goge da buroshi mai taushi, ka hura da iska, amma ka riƙe fiffiken da yatsa lokacin hurawa, domin iskar kwamfiresa na juya shi fiye da ƙima ta lalata boris. Sannan zare fulogin fankar daga allo ka ba ta 12V kai tsaye, ja a fosatib. In ta ƙi tashi, ko sai an tura ta, canza ta. Ɗigon mai a ƙarƙashin takardar baya yana sa ta yi shiru na ɗan lokaci, amma a wannan ƙurar ba ya daɗewa.

Wajen saye ka tafi da tsohuwar a hannu, shagunan kayan kwamfuta da na lantarki a unguwar Batha ko Sina'iyya a Riyad ba sa rasa ta. Abubuwa huɗu su dace: faɗi da kauri a milimita, misali 80 da 25, boltej da ke rubuce, kada ka ɗauka duk 12V ne, amfiya kusa da ta tsohuwar, don mai ja da yawa na iya ƙona ƙaramin tiransistan da ke tuƙa ta, da kuma irin boris. Mai ƙwallaye ta fi jure zafi nesa ba kusa ba, ko da ta ɗan fi ƙara. Kafin ka cire tsohuwar ka lura da kibiyar da ke gefenta mai nuna inda iska ke bi, ka ɗaura sabuwar haka. In fulogin bai dace ba, yanke na tsohuwar ka haɗa da dalma ka rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Salatif yana narkewa a wurin.

Idan fankar ta yi gudu a kan batir amma ta ƙi tashi a cikin kwanbata duk da kaya da zafi, laifin na allon ne. Wasu kan jona ta kai tsaye a ƙusoshin fita. Hakan yana aiki, sai dai ƙusoshin nan suna haɗe da batir, don haka fanka mai jan amfiya 0.2 za ta ci kusan 5Ah kowace rana ko an cire wutar waje. In za a yi, a sa fis na amfiya 1 da ɗan makunnin zafi mai rufewa a digiri 50 zuwa 55, a manna shi a jikin alminiyam. Na digiri 40 ba ya amfani a nan, domin da rana akwatin ya wuce haka ko ba a kunna komai ba.

Fankar da ba ta hutawa kuwa ta fi bukatar a tsaya a kanta. Bayan batir ya yi ƙasa, daidai ne ta yi awanni tana gudu. Amma in ta wuce kwana guda ba wani kaya a kunne, ka cire negatib na batir ka saurara. Ta yi shiru cikin ɗan lokaci? Batir ne ke zuƙar wutar. Taɓa gefensa: in ya yi zafi, ya kumbura, ko kana jin warin ruɓaɓɓen ƙwai, ka kashe wuta nan take, ka buɗe wurin ya sha iska, kada ka sake jona shi. Batir mai haɗaɗɗen ɗaki ya zama na 10V, kwanbata kuma tana ta tura masa 13.6, sai sauran ɗakuna biyar su yi ta tafasa. In kuma ta ci gaba da gudu bayan an cire batir, ka maƙala mita mai baki a wayar fita ka riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har amfiya ta faɗi. Sau da yawa firji ne aka bari a kan 12V, ko fitilar ma'ajiyar kaya ta waje. Idan babu kaya kuma tana gudu, ka duba ko an jingina katifa ko buhun gawayi a bakin ragar. A bar mata aƙalla tafin hannu na sarari.

Masu komawa batirin lithiyam su sani cewa tsohuwar kwanbata mai tsayawa a 13.6V za ta caja shi a hankali kuma ba za ta kai shi inda ɗakunansa ke daidaita ba. Yana son 14.2 zuwa 14.6V, sai a nemi kwanbata mai saitinsa. Yana kuma jan duk amfiyar da aka ba shi har ya kusa cika, don haka fanka za ta daɗe tana gudu da ƙarfi, siririyar waya kuma za ta yi zafi. A daren hunturu a Tabuk ko Turaif, idan sanyi ya kai sifiri, allon kariyar da ke cikinsa yana iya ƙin karɓar caji har sai gari ya ɗumama, kuma wannan ba lalacewa ba ce.

Bayan an gama gyara, mayar da murfi kafin gwajin ƙarshe, domin iska ba ta bi daidai in akwatin a buɗe yake. Ɗaura fosatib tukuna, negatib daga baya, sannan faifan sola. Jona wuta, ka ɗora kaya na awa ɗaya, ka auna a kan batir a farko da ƙarshe: lambar ta kasance sama da 13V kuma tana hawa. Bi duk mahaɗar waya da bayan yatsa, wadda ka ji ta fi sauran ɗumi ka kashe wuta ka sake ɗaure ta.